USCOM 1A: Na'urar Auna Aikin Zuciya Ba Tare da Huda Ba, da Inda Lambarta Ke Yaudara

Awon hawan jini shi kaɗai ba ya gaya wa likita yawan jinin da ke zagaya jikin majinyaci. A ɗauki mutum biyu da ke kwance a ɗakin kulawa ta musamman, kowannensu matsakaicin matsin jininsa ya faɗi zuwa 60. Na farko zuciyarsa na tura lita 8 a minti ɗaya, jijiyoyinsa ne suka saki saboda ƙwayoyin cuta sun shiga jini. Na biyu lita 3 kacal take turawa, zuciyar ce ta gaza, jijiyoyin kuwa sun matse iya matsewa. Lamba iri ɗaya ce a allo, amma magani ya sha bamban. Na farko yana bukatar abin da zai ɗaure jijiyoyinsa, na biyu kuwa in aka yi ta masa ƙarin ruwa babu lissafi, huhunsa ne zai cika. Wannan bambanci ne aka ƙera USCOM 1A don ta nuna shi a bakin gado.

Kamfanin Uscom da ke birnin Sidni na ƙasar Ostiraliya ne ya ƙera ta. A ido ba wani abu ba ce: allo ne da ake sarrafawa da taɓawa, sai waya da ta ƙare da ɗan kan awo mai aiki da sauti na megahaz 2.2. Tana da batir, ana iya ɗaukarta daga gado zuwa gado. Ba ta nuna hoton zuciya ko kaɗan, kuma wannan shi ne abu na farko da mai saye zai sa a ransa. Abin da take yi shi ne aika sautin da kunne ba ya ji zuwa ga jinin da ke fita daga zuciya, ta saurari yadda ya dawo, ta fitar da saurin gudun jinin ta hanyar Dofla, wato gane gudu daga yadda sautin ya sauya da ya dawo. Daga nan sauran duk lissafi ne.

Kafin a yi mata hukunci sai an san yadda ake wannan awon da cikakkiyar na'urar hoton zuciya, wadda ma'aikatan asibiti ke kira eko, domin da ita ake gwada kowace gajeriyar hanya. Jini yana fita daga ɗakin hagu na ƙasa na zuciya ta wani ɗan gajeren lungu kafin ya ratsa bawul ɗin babbar jijiya, wato ayota. Likitoci na kiran lungun LVOT. A ɗauke shi kamar bututun famfo. In ka san filin bakin bututun, ka kuma san tsawon da ruwa ya yi tafiya a cikinsa a turi ɗaya, ka san yawan ruwan da ya wuce. Faɗin lungun ana auna shi ne daga gefen hagu na ƙashin ƙirji, a ƙara girman hoton, a tsayar da shi a tsakiyar matsewar zuciya lokacin da bawul yake buɗe, a ja layi daga gefen ciki zuwa gefen ciki. Sai a ninka faɗin da kansa, a ninka da 0.785. Faɗin santimita 2.0 yana ba da fili na murabba'in santimita 3.14. Daga nan a koma tsinin zuciya, wajen ƙasan nonon hagu, a ajiye wurin ɗaukar Dofla a cikin lungun, kimanin rabin santimita zuwa santimita ɗaya kafin bawul, a zagaye zanen gudun jinin da ya fito. Lambar da ake samu ita ce VTI, wato tsawon da jinin ya yi tafiya a bugu ɗaya, a santimita take, kuma a babban mutum mai lafiya takan faɗa tsakanin 18 da 22. In VTI ta zama 20, a ninka da 3.14, bugu ɗaya ya tura mililita 63. In zuciyar na bugawa sau 75 a minti, an sami lita 4.7.

Raunin wannan hanya a faɗin nan yake. Tunda ninka shi ake yi da kansa, kuskure kaɗan yakan kumbura. Wanda ya auna 2.2 a inda gaskiyar 2.0 ce ya ƙara wa sakamakon kashi 21 cikin 100. Wanda ya auna 1.8 ya rage kashi 19. Milimita biyu ne fa, kimanin kaurin ƙwayar shinkafa, a allon da bai fito sosai ba. Kuma lungun ma ba cikakken da'ira ba ne, ya ɗan yi tsawon ƙwai, lissafin ne ya ɗauke shi da'ira.

Masu USCOM sun kauce wa wannan matsala ta hanyar daina auna faɗin gaba ɗaya. Kana shigar da tsawon majinyaci, na'urar ta ƙiyasta faɗin bawul ɗinsa daga tsawon, bisa lissafin da Nidorf da abokan aikinsa suka buga a 1992, wanda ya nuna cewa girman bakin ayota yana tafiya tare da tsawon jiki. Mutum mai tsawon santimita 170, na'urar za ta ba shi faɗin da ya kusa santimita 2. A jarirai ƙanana da nauyi take amfani. Dabara ce mai kyau ta fuska ɗaya: ma'aikata biyu ba za su yi saɓani a kan faɗi ba, domin ba wanda ya auna shi. Ta ɗaya fuskar kuwa, na'urar ta ɗauka cewa kowa bawul ɗinsa daidai yake da tsawonsa, kuma lafiyarsa ƙalau. Duk amfaninta da duk yaudararta daga wannan zato suka fito.

Wani ƙaramin abu da ake raina shi: tsawon da za a shigar. Majinyacin da ke kwance a sume ba ya tashi a auna shi, sai ma'aikaci ya kalle shi ya ce zai kai 170. In gaskiyar 160 ce, faɗin da na'ura za ta ɗauka ya ƙaru da milimita ɗaya, sakamakon kuma ya haura da kusan kashi 10 cikin 100 tun ba a taɓa majinyacin ba. A ajiye tef na awo a jikin keken na'urar, a auna daga tsakar ka zuwa diddige, ko da a kwance ne.

Yadda ake ɗaukar awo

Tagogi biyu ne, wato wuraren da ake ɗora kan awo a jiki. Na farko ramin nan na ƙasan maƙogwaro, daidai saman ƙashin ƙirji, inda ake kallon jinin da ke fitowa ta bawul ɗin ayota. Majinyaci ya kwanta rigingine, a ɗan ɗaga haɓarsa, in da hali a cire matashi ko a sa shi ƙarƙashin kafaɗu. A sa jel da yawa, a nutsa kan awon cikin ramin, a nuna shi ƙasa ta bayan ƙashin, wajen gindin zuciya. Sai an ɗan danna, kuma a faɗa wa majinyaci tun da wuri cewa zai ji kamar an ɗan shaƙe shi, don kada ya yi ta haɗiyar yawu yana ture kan awon. Daga nan aiki na hannu ne da kunne. Ana karkata kan awon a hankali, hagu da dama, gaba da baya, ana sauraron ƙarar. Ƙara mai kauri kamar iska a bututu alama ce ta cewa ba a kai ba. In aka dace, sai ta koma siririya mai kaifi kamar bulala. A allo kuma zanen zai tashi kamar dala mai kusurwa uku, gefunansa a miƙe, tsininsa a fili, cikinsa a cike, wani lokaci har da ɗan siririn layi a ƙarshensa inda bawul ya rufe. A babban mutum mai lafiya, ƙololuwar gudun takan wuce mita ɗaya a daƙiƙa.

Ƙa'idar ita ce a nemi zane mafi tsawo da mafi cika, ba na farkon da ya bayyana ba. Dalili kuwa na lissafi ne. Dofla tana karanta cikakken gudu ne kawai in sautin ya bi layi ɗaya da jinin. Karkatar digiri 20 tana rage karatun da kashi 6 cikin 100, ta digiri 30 da kashi 13, daga nan kuma abin ya yi ta zubewa. Karkata ba ta taɓa ƙara lamba, ragewa kawai take yi. A eko kana ganin karkatar da idonka ka gyara. A nan ba ka ganin komai, saboda haka mai gaggawa kullum lambarsa ƙasa take fitowa, sai a ce zuciya ta gaza alhali hannu ne ya gaza.

Taga ta biyu tana gefen hagu na ƙashin ƙirji, tsakanin haƙarƙari na sama, inda ake kallon jinin da ke tafiya huhu. Tana da sauƙi a yara da siraran mutane, musamman in aka ɗan juya majinyaci kan gefen hagu. In tagogin biyu suka ba da lambobi masu kusa da juna, hankali ya fi kwanciya.

Na'urar tana zagaye zanen da kanta, tana kuma ƙirga bugun zuciya daga zanen, ba sai an manna wayoyin ƙirji ba. Zagayen nata yana da sauri, amma ba a sakar masa ragama. In ƙarfin karɓar sauti ya yi yawa, takan haɗa da gashin hayaniya da ke saman zanen, lamba ta kumbura. In bugu ɗaya ya fito a gurguje, a cire shi da hannu kafin a ajiye sakamako. Mai bugun zuciya daidai, bugu uku zuwa biyar masu kyau sun isa. Mai bugun da ba ya kan tsari, irin wanda ɗakunan sama na zuciyarsa ke karkarwa, sai an haɗa biyar zuwa goma a ɗauki matsakaici, domin kowane bugu da nasa girman.

Koyo ba ya ɗaukar dogon lokaci, kuma wannan na cikin abin da ake yaba mata. Binciken da aka yi da likitocin sashen gaggawa a Ostiraliya ya nuna cewa bayan awo kimanin ashirin hannu yakan faɗa. Eko ba a koyonsa a haka. Nas ko ungozoma da ta sami mai nuna mata za ta iya ɗaukar awo mai kyau a cikin mintuna kaɗan. Sai dai ashirin ɗin a matasa ne masu sauƙin awo. Tsoho ɗan shekara saba'in wani karatu ne daban.

A tsofaffi ayota takan miƙe ta karkace, bangonta ya yi tauri, sai layin da ke tsakanin ramin wuya da bawul ya daina zama miƙaƙƙe. Sau da yawa zanen yakan fito gajere, dishi-dishi, ko a juya kan awon yaya. Mai gajeren wuya da ƙiba, da wanda aka huda wa maƙogwaro aka sa bututun numfashi, da wanda aka yi wa aikin ƙirji iska ta shiga ƙarƙashin fata, duk tagar sama takan rufe. Mai tsohon ciwon huhu da ya kumbura da iska kuwa tagar gefe ce ke ɓacewa, don sauti ba ya ratsa iska. Akwai kuma haɗarin kama wata jijiya daban, ɗaya daga cikin rassan da ke tashi zuwa wuya da hannu, a zagaye ta a matsayin ayota. A irin waɗannan majinyata, gara a rubuta cewa awo bai samu ba da a rubuta lambar da aka matso da ƙarfi. Na'urar ba ta ƙin ba da lamba, ko zanen ya lalace sai ta lissafa wani abu.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne wanda zanen ke fitowa da kyau. Dofla irin ta USCOM tana ɗaukar gudu mafi sauri a duk tsawon layin sautin, ba ta zaɓar wuri ɗaya. In bawul ɗin ayota ya tsuke, jini yakan fita ta ƙaramar kafa da gudu mai tsanani, kamar yadda ruwa ke tsartuwa in ka toshe rabin bakin tiyo da yatsa, har ya kai mita 4 a daƙiƙa ko fiye. Na'urar za ta ninka wannan gudun da filin bawul mai lafiya da ta ƙiyasta daga tsawo, ta nuna maka zuciya mai tura jini kamar ta ɗan tsere, alhali mai ita na haki a kan gado. In bawul ɗin yoyo yake yi, za ta ƙirga duk jinin da ya fita, ba ta san wani kaso ya koma baya ba. In akwai huji tsakanin ɓangarorin zuciya, jinin da ke zuwa huhu yakan fi wanda ke zuwa jiki, tagar gefe ta ba da lambar da ba ta jiki ba ce. A ƙasashen da ciwon bawul na bayan ciwon maƙogwaro ya yi ƙaranci, wannan matsala ta tsofaffi ce galibi. A asibitocin Kano, Zariya, Sakkwato ko Damagaram kuwa, ana ganin lalacewar bawul a 'yan shekara goma sha biyar da ashirin. Duk wanda aka ji ƙarar shuuu a ƙirjinsa da abin sauraro, a nema masa eko kafin a yarda da lambar USCOM.

Me bincike ya ce? Ma'aunin da aka daɗe ana gwada irin waɗannan na'urori da shi shi ne siririn bututun Swan-Ganz, wanda ya fito a 1970, ana zura shi ta wata babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya har cikin jijiyar huhu, a tura ruwan sanyi a auna yadda ya sanyaya jini. A 1999 Critchley da Critchley suka ba da shawarar cewa a karɓi sabuwar hanya in saɓaninta da wannan bai wuce kashi 30 cikin 100 ba. Da Chong da Peyton suka tattara binciken da aka yi kan USCOM a 2012, saɓanin ya kusa kashi 43, kuma ta fi karkata ga rage lamba. A aikace, in bututun ya ce lita 5, karatun USCOM zai iya faɗawa ko'ina daga kusan lita 3 zuwa lita 7. Don adalci, shi ma bututun yana da nasa kuskuren, kuma sauran na'urorin da ba sa huda jiki ba su fi ta da wani abin kirki ba a irin wannan gwaji. Duk da haka, wanda zai yanke hukunci mai nauyi a kan lamba ɗaya tilo, cewa wannan majinyaci lita 3.8 yake da ita saboda haka kaza, ya ɗora wa na'urar kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

Inda take cin kuɗinta shi ne bin sauyi a mutum ɗaya. Ko ƙiyasin faɗin ya kauce, kaucewar iri ɗaya ce da safe da yamma, tunda bawul ba ya canza girma cikin yini guda. Saboda haka in jinin bugu ɗaya ya tashi daga mililita 45 zuwa 54, tashin na gaske ne, ko da ainihin lambobin 50 da 60 ne. Gwajin ɗaga ƙafafu ya dace da ita sosai. A fara da majinyaci a kishingiɗe, kansa a ɗage digiri 45, a ɗauki awo. A kwantar da gangar jikin, a ɗaga ƙafafun digiri 45, wanda ke mayar da jini kimanin mililita 300 zuwa zuciya. A sake awo cikin minti ɗaya, domin tasirin ba ya daɗewa. In jinin bugu ya ƙaru da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ko fiye, zuciyar za ta amfana da ƙarin ruwa. In bai motsa ba, ruwan zai tafi huhu da ƙafafu ne kawai. An fi so a juya gadon da kansa maimakon a kama ƙafafun da hannu, don zafi ko firgita na ƙara bugun zuciya su ɓata gwajin. Mutum ɗaya ne zai yi awon biyu, a taga ɗaya. Sauyin da bai kai kashi 10 ba, a ɗauke shi rawar hannu. Gwajin ba ya aiki yadda ya kamata a mai tsohon ciki ko wanda cikinsa ya kumbura ya yi tauri.

Wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Gwajin FEAST da aka buga a 2011, wanda aka yi a Uganda, Kenya da Tanzaniya da yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani, ya nuna cewa ɗura ruwa da sauri ya ƙara yawan mace-mace maimakon ya rage. Tun daga nan tambayar ko wannan majinyacin zai ɗauki ruwa ta zama tambaya mai nauyi, musamman inda babu na'urar numfashi da za a ceto wanda huhunsa ya cika.

In aka shigar da hawan jini, na'urar tana lissafa matsewar jijiyoyin jiki. Da ita ake raba mutum biyun nan na farko: in aka bar matsin manyan jijiyoyin dawowa a gefe, na lita 8 zai fito wajen 600, na lita 3 wajen 1,600, alhali na mai lafiya yakan zauna tsakanin 800 da 1,200. Tana kuma fitar da wasu lambobi da dama, har da na ƙarfin matsewar zuciya da na iskar oksijin da ke isa jiki in an ba ta sakamakon gwajin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini. Allon yakan cika da su, abin sha'awa. A tuna dai duk 'ya'yan zane ɗaya ne. In zanen ya karkace, su ma duk sun karkace tare.

A yara da masu juna biyu ta fi samun karɓuwa, kuma da dalili: wuyansu da ƙirjinsu na ba da taga mai kyau, ba kuma wanda ke son zura musu bututu. A lokacin ciki jinin da zuciya ke turawa yakan ƙaru da kashi 30 zuwa 50 cikin 100, don haka ba a gwada mai ciki da lambobin wadda ba ta da shi, kuma in cikin ya tsufa a ɗan karkata ta hagu kafin awo, kada mahaifa ta danne babbar jijiyar da ke mayar da jini. Amma mai jego da ta zo da kumburi da haki, wanda arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi ganin irin wannan gazawar zuciya a duniya, USCOM za ta ce jinin bugunta ya yi ƙasa, ta tsaya nan. Ba za ta nuna ko zuciyar ce ta buɗe ta saki ba, ko ruwa ne ya taru a jakarta, ko gudan jini ya kwanta a ciki. Kowanne da maganinsa, kuma hoto ne kaɗai ke raba su.

Ta fuskar kuɗi, nauyin a saye yake. Bayan nan jel ne da abin goge kan awo, babu wani abu da ake yarwa bayan kowane majinyaci, saɓanin na'urorin da ke bukatar sabuwar waya ko sabon bututu kullum. Kan awon shi ne abin lallaɓawa, in ya faɗi ƙasa ya tsage aiki ya tsaya, don haka a tambayi dillali tun kafin a biya yadda ake samun madadinsa da wanda zai duba na'urar in ta samu matsala.

Asibitin da yake da eko da mai iya shi, yana kuma son ma'aikatan jinya su riƙa bin majinyata sau da yawa a rana a ɗakin yara, ɗakin haihuwa ko sashen gaggawa, USCOM za ta yi masa aiki. Asibitin da kuɗinsa na na'ura ɗaya ne tak, shawara ita ce ya sayi mai hoto. Ƙananan na'urorin hannu irin su Philips Lumify da Vscan Air SL yanzu suna da Dofla da za a auna VTI da ita, GE Venue kuma tana zagaye VTI da kanta. Da su ma ana iya yin dabarar bin sauyi: a auna faɗin lungun sau ɗaya a rubuta a katin majinyaci, ko a bar shi gaba ɗaya a riƙa bin VTI kaɗai, a rubuta kusa da kowace lamba taga da aka yi amfani da ita, yadda majinyacin yake kwance, da sunan wanda ya riƙe kan awon.